Sabon Kamshaf da Tsohon Bakanike

"...Gida lafiya, gajiya babu. Sai dai ganinki da sassafen nan ba ya cikin abin da na roƙa da asuba."

"Ni ma ba kewarka ta kawo ni ba, Kaka. Yaya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Ko a haka ta fi babur ɗinki sauri."

Ranar Asabar ce, hantsi bai gama ɗagawa ba. Mai Allura ta kafe babur ɗinta a ƙarƙashin rumfar kwanon da ke tsakar gidan kawunta, daidai gaban kujerar robar da kakanta yake wuni a kai. Shi ya laƙaba mata wannan suna tun ranar da ta gama makarantar jinya, sunan kuma ya bi ta har wurin aiki. Shi kuwa tsohon, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana buɗe cikin babura kafin 'ya'yansa su ce ya isa haka, su sallami garejin, su tura akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin gado. Tun daga nan ba shi da sana'a sai sauraron rediyo da tsokanar jikoki.

Abin da ya kawo ta ba na wasa ba ne. Kwana uku a mako takan ɗauki allurar rigakafin yara a cikin akwatin sanyi ta kai wani ƙaramin asibiti da ke saman tudu, can bayan gari. Da akwatin, da sikelin awon jarirai, da jakar magunguna, kayan sun kai nauyin mutum. Babur ɗin yakan yi ta maza har tsakiyar tudun, daga nan sai ya fara tari, ya mutu. Sai ta sauka ta tura, ƙanƙarar akwatin tana narkewa, mata suna can a jere da goyo suna jiranta. Sau uku ta makara a wata guda. Ranar Alhamis shugabanta ya kira ta ofis ya ce in aka kuma, zai ba wani mai babban babur hanyar, ita kuma a mayar da ita ɗakin ajiye fayil. Ta san yaran tudun nan ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ba ta da niyyar barin su don a ba ta kujera da fanka.

Ta zaro wani ɗan dogon kwali daga jakarta ta ɗora masa a cinya.

"Mene ne wannan? Yau kin tuna kina da miji?"

"Buɗe ka gani, in idon zai iya."

Ya warware takardar mai maiƙo. Wani guntun ƙarfe ne mai tsawon tafin hannu, mai ƙusumbi biyu, yana ƙyalli. Kamshaf ke nan, ƙarfen da ke juyawa a saman inji yana danna bawul, wato ƙofofin da mai da iska suke shiga, hayaƙi yake fita. Ta ga yadda babban yatsansa ya bi ƙusumbin a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Amma bakinsa bai bi yatsan ba.

"Allah sarki. Wa ya cuce ki?"

"Ba wanda ya cuce ni."

"Nawa?"

"Dubu talatin da takwas."

"Wannan ɗan ƙarfen? Da abin da bai kai haka ba na auri kakarki, na sayi gado, har aka ba ni canji."

"Shi ya sa har ta koma ga Allah tana cewa ita aka ci da arha."

Ya yi kamar bai ji ba. "Saura me a jakar? Na san ba ki gama ɓarnar ba."

Ta rinƙa fito da su tana jerawa a kan benci. "Sifirin na bawul, masu ƙarfi, dubu goma sha ɗaya. Jet na kafireta da gasket, dubu shida. Baƙin mai, dubu biyar. Sittin cif."

"Dubu sittin a kan babur ɗin da ko ɓarawo ya gan shi sai ya ajiye masa sadaka ya wuce."

"Sabo mai ƙarfin da nake so ya haura dubu ɗari tara. Kana da su a ƙarƙashin filo?"

"Ina da su. Na ajiye wa jikokin kirki ne. Kuma ban ji kin ambaci ladan bakanike ba."

"Ai kai za ka yi."

"Ni? Ni da aka taɓa ɗauko ni a mota daga gari uku don kawai in saurari ƙarar inji?"

"Bara gari biyu ka ce."

"Daga baya na tuna ɗayan."

Ya ɗaga kamshaf ɗin ya kai shi daf da idonsa, ya juya shi ta wajen haske. Fuskarsa ta sauya, ta koma irin wadda ta sani tun tana ƙarama, fuskar da yake yi in an kawo masa aiki.

"To bari in ji ko kin jefa kuɗinki a rijiya. Iri biyu ne fa. Akwai na 'yan tsere, wanda ba ya farkawa sai inji ya kai maƙura yana kuka. Wannan in kika sa shi, a kan tudu da kaya gara tsohon naki sau goma. Wanne mai shagon ya liƙa miki?"

"Na tseren ya so ya liƙa min, har da nuna min hoto a waya. Na ce masa ba kofi nake nema ba, tudu nake so in hau da kaya. Na ce ya ba ni wanda ke ba da ƙarfi tun daga ƙasa, ƙusumbinsa ya fi na asali tsayi kaɗan amma ba ya barin bawul a buɗe ya daɗe."

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau. "Wa ya koya miki wannan?"

"Wani tsoho mai surutu, wanda ya hana mu kallon talabijin muna yara saboda labarin inji."

"Allah ya yi wa wannan tsohon albarka, da gani mutumin kirki ne. Amma kar ki sa dogon rai. Injin nan ƙarfin doki goma ne a takarda. In an yi aikin da kyau, ki samu ƙarin doki ɗaya da rabi. Kuma zai ƙara shan mai. Tankin da ke kai ki kwana biyar zai koma huɗu."

"Ɗaya da rabi ya ishe ni. Rabin ma na bar maka ka rinƙa hawa."

"Wane rabin?"

"Na baya."

Ita ta shiga ɗakinsa ta jawo akwatin kayan aikin daga ƙarƙashin gado. Ƙura ta rufe murfin, amma da ta buɗe sai ta ga kowace sufana a goge take, an shafa mata mai, an jera su daga ƙarama zuwa babba. Matar kawunta ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Baba, likita fa ya ce ka huta."

"Likita ya ce kar in ɗaga abu mai nauyi. Kin ga na ɗaga wani abu? Ga jaka mai ƙafa biyu nan Allah ya kawo min har gida."

Ya miƙa hannu ya rufe famfon mai da kansa, ya ce aikin manya daga nan yake farawa. Mai Allura ta cire kujerar babur ɗin da tanki, murfin saman injin ya bayyana. Tsohon ya jawo kujerarsa kusa, ya zaɓi sufana mai lamba goma ba tare da ya duba ba, ya kai ta kan noti.

Sufanar ta zame. Ya sake kaiwa, ta sake zamewa. Hannun yana rawa, ƙarfen yana ƙwanƙwasa murfin injin ƙas ƙas ƙas. A karo na uku ya riƙe wuyan hannun da ɗaya hannun, duk da haka bai zauna ba. Ta ga kunnuwansa sun yi wani iri, ya kafa wa notin ido kamar shi ya yi masa laifi. Ta san in ta ce masa sannu, ya gama taɓa sufana har abada.

"Kaka, a wannan saurin naka sai yaran tudun sun yi aure kafin mu gama. Kawo nan. Kai zauna ka yi abin da ka fi ƙwarewa a kai."

"Wanne ke nan?"

"Faɗa."

Ya miƙa mata sufanar ta wajen mariƙi. "Dama gwada ki nake, in ga ko kina da tarbiyya. Babu. Kwance na hagun tukuna, kuma kar ki murɗe shi kamar kina murɗe kunnen mijinki."

Daga nan aiki ya kankama, hannu nata, baki nasa. Ta juya injin har alamar da ya ce ta nema ta zo daidai 'yar tagar dubawa da ke jikin injin. Ta sassauta sarƙar da ke juya kamshaf.

"Ɗaure ta da waya kafin ki saki. In sarƙar nan ta faɗa cikin injin, sai mun kwance shi gaba ɗaya, ni kuma in cire ki daga cikin magadana."

"Gadon me? Rediyo da buta?"

"Rediyon nan ya girmi ubanki."

"Ya kuma fi ka jin magana, in an murɗa shi yana yin shiru."

Ta zaro tsohon kamshaf ɗin ta ajiye shi kusa da sabon a kan tsumma. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Ƙusumbin tsohon ya siɗe, ɗaya ma ya yi zane kamar an kankare shi da wuƙa.

"Kin gani? Shekara nawa kina azabtar da bawan Allah. Wannan ba ya buɗe bawul, leƙawa kawai yake yi. Rabin ƙarfin da za ki samu yau, naki ne na da da ya zube a hanya."

"Ya cinye kamar haƙoranka."

"Waɗanne haƙoran? Ai ni na riga shi ritaya."

Da aka zo sauya sifirin, sai ya ce a kawo masa igiyar shanya. Matar kawu ta fito ta tsaya riƙe da ƙugu, ta ce kayanta suna kai. Ya ce kaya sa bushe a kan katanga, inji kuwa ba ya jira. Ya sa Mai Allura ta cire filogi ta rinƙa cusa igiyar ta ramin a hankali, sannan ta juya injin kaɗan har fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, ya taso ya danne igiyar a ƙarƙashin bawul.

"Yanzu ko kin cire sifirin, bawul ba zai faɗa ciki ba. Yaran yanzu sai sun sauke kan injin gaba ɗaya, su caje ki kuɗin wuni biyu. Wannan dabarar ni na ƙirƙiro ta."

"Na ga wani yana yinta a waya."

"To a wurina ya sata."

"Mutumin bai taɓa zuwa ƙasar nan ba."

"Ki ga inda sunana ya kai."

Sababbin sifirin ɗin sun yi tauri, sai da ta haɗa da gwiwa da nishi kafin su zauna. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali, baƙin mai ya shiga ƙarƙashin faratanta. Ta zare igiyar ta mayar wa matar kawu, wadda ta karɓe ta da yatsa biyu. Ta shafe sabon kamshaf da mai kamar yadda ya ce, ta zura shi, ta mayar da sarƙa, ta ɗaure. Ta miƙe ta dafa bayanta.

"Shi ke nan, in rufe in buga?"

"Ki buga wa? Haka kike yi wa yaran mutane, ki soka allura ba ki duba kwalba ba? Sa sufana ki juya injin da hannu, zagaye biyu, a hankali."

Ta durƙusa ta fara juyawa. Ya kashe rediyon, ya karkato da kansa ya rufe ido. Zagayen farko ya kusa cika sai ta ji sufanar ta ɗan yi nauyi. Ta gyara riƙo za ta ƙara ƙarfi.

"Tsaya." Bai ɗaga murya ba, amma hannunta ya tsaya cak. "Kar ki matsa. Koma baya."

"Me ya faru?"

"Bawul ya taɓa fistin. Na ji shi. Duba alamarki."

Ta haska da fitilar waya. Alamar da ke jikin faifan sarƙar ta goce da haƙori ɗaya tak. Wajen ɗaurewa ne sarƙar ta tsallake ba ta lura ba. Da ta buga kik a haka, da bawul ya lanƙwashe, dubu sittin ta bi ruwa, ranar Litinin kuma ta wayi gari a ɗakin fayil.

Tsohon ya jingina da kujera ya harɗe hannuwa a kan ciki. "Ina sauraro."

"Sauraron me?"

"Yabo. Ki fara daga kunnen dama."

"Kunnen da ba ya jin an ce lokacin shan magani ya yi?"

"Kunne ne mai zaɓe. Ba ya jin shirme."

Ta kwance, ta mayar da sarƙar daidai, ta sake juyawa. Zagaye biyu suka wuce sumul. Sannan ya zaro wani siririn ƙarfen awo mai kama da reza daga cikin akwatin, na auna tazarar bawul. A nan rawar hannu ba ta hana shi komai ba. Ita take murɗa notin, shi yake jan ƙarfen da yatsa biyu, idonsa a rufe.

"Ƙara kaɗan. Ya yi yawa, mugunta gare ki. Saki. Yauwa, nan. Taɓa ki ji. Ya rinƙa ja kamar kina zare takarda daga ƙarƙashin kofin shayi."

Ta taɓa, ta ji. Ta sauya jet ɗin kafireta da wanda ya fi shi faɗin rami, don sabon kamshaf zai ja iska da yawa, dole mai ya ƙaru. Ta juye tsohon baƙin mai ta zuba sabo, ta mayar da tanki da kujera. Lokacin rana ta take tsaka. Ta yi bisimilla ta buga kik.

Shiru.

Ta sake bugawa. Ta buga sau goma, har ƙafarta ta gaji. Injin yana juyawa amma ko tari bai yi ba. Matar kawu ta sake leƙowa, ta koma kicin.

"Na faɗa," in ji tsohon. "Hannun allura daban, hannun sufana daban. Wani abu kika manta. Tuna da kyau, ko kin bar ɗan kunnenki a ciki."

Mai Allura ta sunkuya tana bin wayoyi da ido, daga filogi zuwa kafireta, daga kafireta zuwa tiyon mai. A nan idonta ya tsaya. Ta ɗago a hankali.

"Kaka, wa ya rufe famfon mai?"

Ya dubi rufin kwanon. "Wani."

"Wanin nan, an taɓa ɗauko shi a mota daga gari uku?"

"Biyu ne. Buɗe ki daina ɓata min lokaci."

Ta buɗe, ta jira mai ya sauka, ta buga sau ɗaya. Injin ya kama. Ba muryarsa ta da ba ce, mai kama da keken ɗinki. Wannan ta fi kauri, tana fita daga ƙasa, tana ɗan tsalle kamar mai ɗokin tafiya. Kajin gidan suka watse. Tsohon ya miƙe tsaye ba tare da ya nemi sandarsa ba, ya dafa kan babur ɗin.

"Kar ki bar shi ya yi ƙasa. Riƙe totur a tsakiya, minti ashirin, sabon ƙarfe ya saba da gidansa."

Suka yi minti ashirin ɗin suna musu da ƙarfi a kan ƙarar injin, shi yana cewa ko a mafarki ya san zai tashi, ita tana cewa ai ta ga lokacin da yake karanta addu'a a ɓoye. Da lokaci ya cika ta kashe, ta duba ko mai yana ɗiga. Ko ɗigo babu.

"Saura gwaji," in ji ta. "Kuma ƙara a tsakar gida ba ita ce hawan tudu ba. Kayana suna asibiti, ina bukatar nauyi. Kilo nawa kake?"

"Wannan sirrin maza ne."

"Hamsin da bakwai, na gani a katinka. Kayana sittin ne. Ka rungumi jakata ka cika."

"Ni in hau bayan jikata? Me mutanen unguwa za su ce?"

"Su ce tsoho ya yi direba."

"Ban yarda da tuƙinki ba. Ke da ko keke sai da kika shiga da shi shagon mai aski."

Yana wannan maganar yana laluben takalmansa da ƙafa. Ta kifa masa hular kwano, ta yi masa yawa har tana rufe masa tabarau. Matar kawu ta biyo su ƙofar gida tana cewa in Kawu ya dawo ita ba ta ga komai ba.

A kan shimfiɗaɗɗen titi ta ji bambancin tun daga giya ta biyu. Da can sai ta murɗa totur ta jira babur ya yi shawara. Yanzu tana taɓawa yake amsawa. Allurar gudu ta wuce inda ta saba tsayawa, wajen saba'in da biyar, ta doshi tamanin da biyar, sai Mai Allura ta sassauta saboda sabon ƙarfe da tsohon fasinja.

A gindin tudun akwai wani mai faci da ya saba ganin wahalarta. Duk ranar aiki sai ya tambaye ta ko a kawo igiya. Yana ganinsu ya ajiye tayar da ke hannunsa.

"Nas, yau har da fasinja? To wa zai tura wani?"

"Ɗana, gyara tsayuwa ka ga aikin manya," in ji tsohon. Ya janye hannun rigarsa, wani tsohon agogon ƙarfe ya bayyana a siririn hannun. "Minti nawa kike yi zuwa sama?"

"Da turi, ashirin da biyar."

"To mu je. In muka mutu, ke kika ja."

Ta ɗauki tudun da giya ta biyu, ta sa ta uku. Babur ɗin ya riƙe. Suka wuce kwanar farko, suka wuce ta biyu. Can gaba ga turken wutar lantarkin nan da ya karkace, inda hanya take miƙewa tsaye, inda kullum injin yake cikawa. Ta san kowane dutse a wurin, don ta sha ƙirga su da ƙafa. Ƙarar injin ta fara nauyi.

"Koma ta biyu," tsohon ya faɗa mata a kunne. "Yanzu. Buɗe masa, kar ki ji tausayinsa."

Ta sauke giya ta murɗa. Injin bai yi tari ba. Ya yi wani gurnani ya ja, kamar an tura su daga baya. Turken ya zo, turken ya wuce. Ta ji yatsun tsohon sun damƙe mata kafaɗa, ta ji yana wata irin dariya a cikin hular kwano, irin wadda rabon da ta ji ta tun garejin yana nan. Kafin kwana ta ƙarshe har ta mayar da giya ta uku.

Ta tsaya a ƙofar ƙaramin asibitin ta kashe injin. Wurin a rufe yake, sai wata mata da goyo tana ɗibar ruwa a famfon da ke gefe. Matar ta saki baki tana kallonsu.

"Nas, yau ai ba Litinin ba ce."

"Gwaji muke yi. Ki faɗa wa sauran, jibi ƙarfe takwas da rabi ina nan. Kowa ta zo da katinta."

"Yau ba ki turo shi ba."

"Na daina."

Ta taimaka wa tsohon ya sauko, ta cire masa hular. Idanunsa sun yi ruwa, ya ce iska ce. Ya kai agogon kusa da hancinsa.

"Minti huɗu da rabi. Da ni ke tuƙi, uku ne."

"Da kai ke tuƙi, da muna gida muna neman famfon mai."

"Aikina ne fa ya kawo mu nan. Wa ya ji bawul?"

"Wa ya zaɓi kamshaf? Wa ya ɗaure kowane noti? Kai ban da igiyar shanyar mutane me ka kawo?"

Ya zagaya babur ɗin, ya sunkuya ya duba murfin injin, ya shafa gefen gasket da yatsa ya duba yatsan. A bushe yake. Ya juya ya kalli hanyar da suka hawo, ga mai faci can ƙasa kamar tururuwa yana ɗaga musu hannu. Ya daɗe yana kallo.

"To," ya ce. "Yara goma sha tara na koya wa aiki a garejin nan. Babu wanda ya haɗa saman inji a ranarsa ta farko bai bar ɗigon mai ba. Na sara miki, Mai Allura. Amma in kika faɗa a gida, zan ce ƙarya kike."

Ya shiga kiciniyar ɓalle agogon. Maɓallin ya ƙi yatsunsa, ita kuma ta bar shi har ya ci nasara da kansa. Ya kamo hannunta mai baƙin mai ya ɗaura mata.

"Riƙe. Mai zuwa a kan lokaci shi ke bukatar agogo. Ni ba inda ake jirana."

Agogon ya yi mata yawa, ya zamo har gwiwar hannu. Ta tare shi, ta ji ɗumin jikinsa a ƙarfen. Ta buɗe baki za ta yi godiya, ta ga ya haɗe rai yana jiran ta kuskura. Sai ta zaro wayarta ta duba, ta sake duba agogon.

"Kaka, agogon nan ya makara da minti goma."

Tsohon ya kwashe da dariya har sai da ya dafa kujerar babur ɗin.

"To ki saya masa kamshaf."